Lomar Farko a Gidan Kamalakshi

Kwana tara ke nan tsohuwa Kamalakshi ba ta ci abin kirki ba. Shayi kawai take kurɓa, shi ma sai an yi ta lallashi. Ranar Laraba likita ya zo ya duba ta, ya ja Rahel gefe a baranda, ya ce in aka kai Asabar a haka, sai dai a zura mata robar abinci ta hanci, kuma matar da ke kwana da ita ba za ta iya da wannan ba. Sai gidan tsofaffi.

Rahel ta gyaɗa kai. Shekara ashirin da shida ta yi tana aikin jinya a Kuwait. Da ta dawo garinsu Tiruvalla sai ta tarar aiki yana jiranta a kowane layi: manyan gidaje masu bene, fenti sabo, ƙofofi a kulle, a ɗaki ɗaya na ƙasa tsoho ko tsohuwa. 'Ya'yan suna Dubai, suna Ingila, suna Kanada, su ne ke ɗaukarta aiki ta waya. Ba ita ke yi wa tsofaffin wanka ba, ba ita ke ba su magani ba. Ita ce mai tsarawa. Ta zaga gida ta ce a nan za a kafa ƙarfen dafawa, wannan darduma a naɗe ta. Ta nemo mai kwana da tsoho. Ta haɗa likita da mai motsa gaɓoɓi. In kuma abu ya kai ƙarshe, ita ce ke furta kalmar da 'ya'yan ba sa iya furtawa: a bar shi a gidansa, ko a ɗauke shi. Gidaje goma sha ɗaya ne a hannunta.

Da la'asar ɗan tsohuwar, Haridas, ya kira daga Ingila.

"Sista, na yi magana da gidan tsofaffin nan na kan tudu. Gado ɗaya ya rage, sun ce za su riƙe mana zuwa Asabar." Sannan ya ce, "Ke kika san ta yanzu fiye da ni. Abin da kika ce, shi za a yi."

Rahel ta san wannan magana. Ita ma ta taɓa faɗinta, tana tsaye a bayan ɗakin marasa lafiya a Kuwait, waya a kunne, ga wani ɗan kawunta. Aka kai mahaifiyarta irin wannan gida, aka zura mata roba. Mako biyar ta yi. Jirgin Rahel ya sauka kwana biyu bayan an binne ta. Da ta je ɗakin, har an shimfiɗa wa wata gadon. Suka miƙo mata leda ɗauke da tabarau da littafin addu'a da farin zane guda biyu. Ledar tana nan a ƙasan akwatinta, ba ta taɓa kwance ƙullin ba.

Ranar Alhamis ta ɗage sauran ziyarce-ziyarcenta, ta hau babur ɗinta ta tafi gidan Kamalakshi da niyyar ta zauna kawai ta kalla. Omana ce ta buɗe mata ƙofa, matar da Rahel ta kawo ta kwana da tsohuwar tun da aka sallamo ta daga asibiti da ƙarfe a ƙugu. Mace ce mai jiki, bakinta ba ya hutawa, kuma Ceci take ce wa Rahel, yadda ake kiran babbar yaya.

"Ceci, yau ni kika zo dubawa ko ita? In ni ce, jinina ya hau, ki rubuta."

"Naki hawan jinin daga man kwakwa yake, ba daga aiki ba."

"Ji ta fa! Ni da nake girki sau uku, ina cinyewa ni kaɗai don kada ya lalace?"

"Na ga alama bai lalace ba."

Omana ta yi dariya ta shige kicin. Rahel ta ja kujera ta zauna a kusurwar ɗakin gaba, inda ta sa aka dawo da gadon tsohuwar don ya fi kusa da banɗaki. Kamalakshi tana kwance, farin gashinta a kwance kan matashi, idonta a buɗe. Rahel ta gaishe ta da sunan da ake kiran uwa, "Amme, ya jiki?" Ba amsa. Agogon bango yana ta tafiyarsa. A waje ba motsin kowa, sai ɗigar ruwan daren jiya daga ganyen ayaba.

Da rana ta take, Omana ta shigo da faranti: jar shinkafa, miyar wake, kindirmo, ɗan man shanu a kai. Ta tayar da tsohuwar zaune, ta ajiye mata kwanon ruwan wanke hannu. Kamalakshi ta tsoma hannu, ta cuɗa shinkafar a hankali, ta dunƙula loma guda mai kyau, ta ajiye ta a gefen faranti. Ta sake tsoma hannayen biyu a ruwa. Ta juya fuskarta ga bango, ta tafa sau uku. Sannan ta zauna tana jira.

"Kin gani?" in ji Omana. "Kullum haka. Tafa mini take kamar ni mai shayin tasha ce. In na zo, ko kallona ba ta yi."

Rahel ta riga ta sani. Ita da hannunta ta rubuta a rahoton da ta aika wa Haridas makon jiya: tana tafi ba dalili, tana fuskantar bango. Ta lissafa shi cikin alamun ƙwaƙwalwar da ta fara tafiya. Amma daga bakin Omana ta ji, ba ta taɓa ji da kunnenta ba. Tafin jiƙaƙƙen hannu ba irin na busasshe ba ne. Yana da nauyi, yana mannewa. Kuma ta taɓa jin sa. Tana 'yar yarinya, a bakin kogin Pamba, ranar da maƙwabtansu ke ciyar da mamatansu, mutane tsaye a jiƙe, shinkafa a kan ganyen ayaba, suna tafawa suna kallon sama, hankaki suna saukowa. Ta tuna hannun mahaifiyarta yana janta. "Kada ki tsaya kallo, baƙinsu suke jira."

Ta dubi bangon. Kudu ne. Bayansa kicin, bayan kicin tsakar gidan baya.

"Omana, ina makullin ƙofar baya?"

"Ke kika ce in ɓoye shi."

"Yanzu na ce ki kawo."

Ita ta sa aka kulle ƙofar, don a kan matakalar nan uku masu gansakuka tsohuwar ta faɗi. Ranar da ta fara zaga gidan ta ga busasshiyar shinkafa a warwatse kan matakalar da ɗan farantin tagulla a kife, ta ce a share. Ba ta tambayi inda mai shekara tamanin da huɗu za ta kai shinkafa da tsakar rana ba. Ta sa an sare rassan mangwaron da ke zubar da ganye mai santsi, an nome ciyawa, wuri ya yi fes. Can kudu, inda mutanen gidan ke ƙona gawarsu su dasa kwakwa a gurbin, bishiyoyi biyu ne tsaye, ɗaya doguwa ƙwarai, da wani faffaɗan dutse a gindinta.

Su biyu suka cicciɓi keken marasa lafiya da tsohuwar a kai suka sauko da shi. Omana tana nishi tana cewa, "Wannan da ba ta ci, ina ta samo nauyi? Ko kuwa keken ne ke cin abincin?" Suka tura ta har gaban dutsen. Rahel ta yago ganyen ayaba. Kamalakshi ta ɗora lomar a kai da hannunta, Rahel ta sauke ganyen kan dutse. Tsohuwar ta jiƙa hannu ta tafa.

Shiru. Gidan hagu a kulle yake shekara shida, na dama mai gadi ne kawai ke zuwa ya kunna fitila ya kashe. Duk layin babu kicin mai hayaƙi in ba wannan ba. Hankaka kuwa inda ake girki yake zama. Suka jira har inuwa ta karkata, tururuwa ta fara hawa ganyen. Sannan Kamalakshi ta yi magana, karo na farko cikin kwanaki, muryar a shaƙe.

"An sare reshen. A ina za a sauka?"

"Ni na sa aka sare, Amme."

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa. "Na sani. Kina da fuskar masu gyara."

Yayyafi ya fara, suka mayar da ita ciki. Ranar ma ba ta ci ba.

Juma'a tun da hantsi Rahel ta tare Kocappan mai kifi a mahaɗar hanya. Kowa ya san ƙahon babur ɗinsa da shuɗin akwatin da ke bayansa, kuma duk inda ya tsaya hankaki ke biye da shi. Ta gaya masa abin da take so: ya zo lungun bayan gidan da tsakar rana, ya gyara kifinsa a jikin katanga, ya watsa kayan cikin.

Ya cire hularsa ya sosa kai. "Sista, shekara talatin ina korarsu, yau kuma in aika musu katin gayyata?"

"Ka zo dai."

"In sun saba suka biyo ni har gida, ke za ki yi wa matata bayani."

Ya zo kuwa. Aka sake sauko da keken, aka ɗora loma kan dutse, tsohuwar ta tafa. Kocappan yana bayan katanga yana watso ƙayar kifi da hanji. Kafin a ce me, sama ta cika da kuka. Hankaki sun fi goma, suna faɗa, suna warwaso. Biyu suka dira kan dutsen suka tarwatsa shinkafar, suka cinye. Omana ta buga shewa. "Sun ci! Amme, sun ci! To bismilla, saura ke."

Kamalakshi ta ɗaga sandarta da iya ƙarfin da ya rage mata ta kaɗa musu.

"Ɓarayin kasuwa! Wa ya kira su?" Numfashinta yana sama-sama. "Dubi wuyansu, toka-toka. Waɗannan na kowa ne. Mai zuwa baƙi ne wuluk, har wuya. Shi kaɗai yake zuwa, kuma ba ya hayaniya."

Kunya ta rufe Rahel. Duk ɗan da ya tashi a bakin kogin nan ya san hankakan mamata daban yake da na bola. Ita ma ta sani a da. Shekara ashirin da shida na farin ɗaki da sanyin na'ura sun goge shi daga kanta. Ta sallami Kocappan da hannu. Omana ta tattara bakinta ta koma kicin tana gunaguni, ta bar farantin a kan cinyar tsohuwar.

Da hankakin suka watse, wurin ya fi jiya shiru. Rahel ta zauna a ƙasa kusa da keken. Ba ta saba ɓoye wa tsofaffinta abin da za a yi da su ba.

"Amme, gobe za a turo mota. In yau ba ki ci ba, ni zan sa hannu a kai ki gidan kan tudu. A can ta hanci za su ba ki."

"Akwai dutse a can?"

"Babu."

Tsohuwar ta gyaɗa kai kamar an gaya mata farashin albasa.

"Maigidanki ba zai so ki kashe kanki da yunwa saboda shi ba," in ji Rahel.

"Wa? Wancan?" Ta nuna gajeriyar kwakwar da haɓa. "Yana raye ma bai taɓa jiran kowa a kan abinci ba. Sau ɗaya a shekara ya ishe shi." Ta mayar da ido kan doguwar. "Ambika ce."

A takardar da Haridas ya cike, inda aka tambayi yawan 'ya'ya, ɗaya ya rubuta. Rahel ta jira. Ta san in aka bar tsoho da shiru, yakan cika shi da kansa.

"Ita ma sista ce. Maskat ta tafi, can ƙasar Larabawa, tana da ashirin da uku. Ranar tafiyar motar haya ta zo da wuri, shinkafa tana kan wuta. Na ce, mole, 'yata, tsaya, loma ɗaya. Ta ce jirgi ba ya jira, Amme, in na dawo. Na bi ta har bakin titi da ludayi a hannu." Ta shafa gefen farantin da yatsa. "A akwati suka dawo da ita, an buga ƙusa, suka ce kada a buɗe. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ban taɓa sa loma a baki ba sai ta ci tata. Wani lokaci takan makara. Ba ta taɓa ƙin zuwa ba, sai da kuka rufe ƙofa."

Iska ta kaɗa ganyen kwakwar can sama, ya yi ƙara kamar ana jan tabarma. Rahel ta ɗaga kai. Babu komai a kai.

Kamalakshi ta kamo hannun Rahel ta juya shi, tana duba gajerun faratan da busasshiyar fatar da sabulun asibiti ya cinye.

"Ke ma can kika je."

"Kuwait."

"Duk can ne. Da kika dawo, wa ya ba ki abinci?"

Rahel ta ce, "Ba kowa, Amme. Na tarar an binne ta."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Ba kallon mai ruɗewa ba ne. Rahel ta ga irin wancan sau ɗari, ta san shi. Sannan Kamalakshi ta tsoma hannu a ruwa, ta cuɗa shinkafar da ta riga ta huce, ta dunƙula loma, ta dangwali man shanu.

"To mahaifiyarki tana can da shinkafa a hannu, ni ina nan da tawa. Buɗe baki, mole."

Abubuwa da yawa suka taso wa Rahel lokaci ɗaya. Abincin mamata ne, mai rai ba ya ci. Ita 'yar coci ce, mahaifiyarta ko kallo ba ta bari ta yi. Kuma tun tana ɗalibar jinya aka koya mata ba a cin abin da ke farantin majinyaci. Hannun yana nan a miƙe, ƙwayoyin shinkafa suna faɗuwa kan zanen tsohuwar.

Ta durƙusa ta buɗe baki.

Sanyi, gishiri, man shanu, da ɗan ƙanshin tagulla na yatsun da suka taɓa leɓenta. Ta tauna. Ta haɗiye. Kamalakshi tana kallon maƙogwaronta har lomar ta wuce. Sannan ta mayar da hannu faranti ta dunƙula ta biyu, ƙarama, ta kai bakinta. Ta uku. Rahel ba ta motsa ba, ko numfashi a hankali take yi. A ta biyar tsohuwar ta ture farantin.

"Gishiri ya yi yawa. Ki gaya wa waccan buhun."

"Ina ji dai!" in ji Omana daga ƙofar kicin. Tana tsaye tana goge ido da bakin zanenta. "Kwana goma sha ɗaya ba ta kula ni ba, da ta buɗe baki ni ta fara ci."

Bayan sun mayar da ita gado, Rahel ta fita baranda ta kira Haridas. Ta ce masa a saki gadon kan tudu. Ta ce za a zuba siminti a kan matakalar baya yadda keke zai sauka, za a kafa gora inda reshen mangwaro yake, kuma abincin rana daga yau a waje ne, ko da ruwa, a ƙarƙashin lema. Sannan ta ce, "Ba ka gaya mini kana da yaya ba."

Ta ji ƙarar mota tana wucewa a can ƙasarsu.

"Babanmu ya hana a ambaci sunanta," ya ce. "Na ɗauka ta daina wannan abin tun tuni." Ya share murya. "Gobe fa, Sista? In tsuntsun bai zo ba?"

"Zan zo da tsakar rana."

"Kullum?"

Rahel ta san abin da take gaya wa sababbin ma'aikata: mai tsarawa ba ta zama mai jinya, in ta zauna a gida ɗaya, goma sun rasa ta. Ta tuna tsohon da ke jiranta gobe a can ƙetaren gada, da wadda za a cire wa yanar ido ranar Litinin. Za ta tura wannan safe, waccan yamma.

"Har ya dawo," ta ce.

Ta fito da babur ɗinta bakin ƙofa. Layin ba kowa, gidajen suna tsaye da labulayensu a sauke. Ta ɗaga hular kwano za ta sa, sai idonta ya kai bayan rufin gidan, kan doguwar kwakwar. Hankaka yana zaune a kan reshe ɗaya, baƙi wuluk har wuya, shi kaɗai. Bai yi kuka ba. Ba dutsen yake kallo ba, ita yake kallo.

Ta tsaya da hular a hannu, ɗanɗanon man shanu bai bar bakinta ba.

"Ceci!" Omana ta leƙo ta taga. "Ta ce gobe kada ki karya da yawa, wai ba ta son mai zuwa da ƙoshi."

Rahel ta amsa da to. Da ta sake ɗaga kai, reshen ne kawai ke lilo.